Ɗinkin Bahaguwa

Shekara ɗaya da wata biyar ke nan Adawiyya ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Mijinta Daudu ya fita gonar rogonsu a bayan Darini da sassafe, galma a kafaɗa, mutanen daji suka haɗa da shi cikin waɗanda suka kora ranar. Sauran duk an bugo waya a kansu. Wasu sun dawo, wasu an ce a je a ɗauko gawa. Shi ko ba a taɓa bugowa ba, babu murya, babu gawa. Malamai suka ce matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu ta hannun alƙali, in dai ba a samu shaidar mutuwa ba. Matan da ke shigowa su ma suka rasa irin gaisuwar da za su yi mata. A ce mata "ya haƙuri", an kashe mutum da baki. A ce "ya mai gidan", an fama mata ciwo. Sai suka koma tambayarta ya aiki.

Aiki kuwa akwai shi. Tun da zama ya gagare su a ƙauye suka dawo cikin Batsari, ita da surukarta Tasalla da ƙanen mijinta Jafaru da iyalinsa, wani bawan Allah ya ba su ɗaki biyu a bayan kasuwa. A zauren gidan take shimfiɗa buhu ta zauna, da gwangwanin allurai da reza da kwandon tsummoki. Teloli masu keke sun fi ƙarfin maho. Ka kai musu yagaggiyar riga sai su dube ka kamar ka kawo musu mushe. To amma wa ke da halin sabon yadi a wannan zamani? Wanda ya sayar da shanun huɗa ya fanso ɗansa ba ya tsayawa taya shadda. Duk abin da teloli suka raina a zauren Adawiyya yake ƙarewa: wandon da gwiwa ta cinye, zanen goyo, gidan sauro, har buhun hatsin da ɓera ya huda.

Tasalla ce ta koya mata tun tana amarya. Tsohuwar ta yi ta bugun hannunta don ta daina riƙe allura da hagu, har ta gaji ta ƙyale ta. Shi ya sa ɗinkin Adawiyya yake kwantawa ta ɓangaren da na sauran mutane ba ya kwantawa, kuma duk bayan suka biyar takan koma baya sau ɗaya, don ko zare ya tsinke kada ya warware gaba ɗaya. Abu ɗaya ne ta karɓa daga tsohuwar ba gardama: ba a yin maho a kan maho. Tsohon sai an farke shi duka, a zare zarensa ɗaya bayan ɗaya, a gyare bakin da ya ruɓe, sannan a ɗora sabon ƙyalle. Wanda ya rufe tsohon da sabo, in ji Tasalla, ɓarnar tana nan tana ci ta ƙarƙashi. Shekara ashirin da biyu Adawiyya na yin haka, har hannunta ya daina neman izininta.

A cikin gida ba a maganar Daudu. Ko sunansa babu mai faɗa a cikin matan biyu. A wurin Adawiyya miji ne, a wurin Tasalla ɗan fari ne, kunya ta hana su tun yana nan, balle yanzu. Tsohuwar, wadda idonta ya yi rauni har ba ta iya zura zare, ta kafe a kan ɗanta na da rai. Ranar da Jafaru ya kawo shawarar a yi masa addu'a irin ta mamata, kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Adawiyya ba ta goyi bayan kowa ba. Gaskiyar magana, ba ta jin komai. Kukan ya ƙare tun a watan farko, abin da ya biyo bayansa kuwa ba haƙuri ba ne, ko da yake haka mutane ke kiransa suna yaba mata. Takan ci tuwo, ta yi salla, ta zauna ta yi ɗinki har hasken zaure ya ƙare. Abu ɗaya kawai take so, shi ma ba da wani zafi ba: ta san ko mutumin nan na raye ko ya mutu.

Wata Alhamis ta kasuwa, bayan azahar, wani mutum ya yi sallama a bakin zauren. Dogo ne, ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo, yana ɗan ɗingishi. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan bana, sai da ya gama duka sannan ya ce ai sauri yake.

"Baiwar Allah, an ce ke ka gyaran tsumma. Sunana Mani, daga Zakka nike. Motarmu na lodi a tasha, ki taimaka ki kama mani kafaɗar ga kafin ta cika."

Ya tuɓe 'yar sharar da ke jikinsa ya miƙo mata, ya zauna a dakali daga shi sai singileti. Riga ce ruwan toka, irin wadda in ka shiga kasuwar Batsari za ka ga ɗari kafin ka kai rumfar mahauta. Kafaɗar dama ce ta yage a gefen wani tsohon maho. Adawiyya ta juya ta ciki waje kamar yadda take yi wa kowace riga.

Ɗinkin ya kwanta ta hagu. Ta bi shi da babban yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ya koma baya. Ta sake bi, ya sake komawa. Kafaɗar dama, daidai inda ƙotar galma ke zama. Ta tuna wata safiya a Darini, Daudu tsaye a kanta ba riga, yana cewa ta yi sauri rana na yi masa.

Da labarin wata ake ba ta, da ta ce a nan ne matar za ta fasa ihu. Ita ba ta yi ba. Ta dai ji kamar an toshe mata kunne da auduga. Ta ce a ranta, bari in tambaye shi. Hannunta kuwa ya riga ya shiga gwangwani ya ɗauko reza.

Mani mutum ne mai surutu, irin wanda ya daɗe bai samu mai sauraronsa ba.

"Kin gan ta nan, mai ɗakina kullum sai ta ce in jefar da ita. Na ce a'a. Cikinta na fito daga daji, wata bakwai ina hannunsu. Kuma in na jefar in sa mi? Gona ta tai, shanu sun tai wajen fanso ni."

"Allah ya kiyaye gaba," in ji Adawiyya. Reza ta ci zaren farko.

"Amin, amin. Ai ba tawa ba ce ma. Tawa shadda ce, daga wurin suna aka ɗauke ni, tun a hanya suka tuɓe ta. Can suna da wani tulin kaya gindin marke. Duk wanda ya cika sai su cire mashi riga su jefa nan, sabon zuwa ya ɗauka. Nan na tsinci wagga. Mai ita dai, Allah shi jiƙan shi, ya san mai ɗinki. Wata bakwai ina kwana ƙasa da ita, wurin ga bai motsa ba sai yanzu."

Bari in tambaye shi, ta sake cewa a ranta. To ta ce masa me? Sunan ne ya kamata ta faɗa, sunan kuwa bai taɓa fita bakinta ba, ga shi kuma a gaban baƙon namiji. Tana juya ta inda za ta fara, yatsunta suna zare tsohon zaren ɗaya bayan ɗaya suna ajiyewa a gwiwarta. Ƙyallen ya fita, ya faɗa kwando. Ta gyare bakin yagar da almakashi, ta lalubo wani ƙyalle mai kama da launin rigar, ta ɗora, ta soma. Biyar, ta koma baya. Biyar, ta koma baya. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba a taɓa ganin wanda ya gane yana ɗaure a lokacin ba.

Daga tasha aka ƙwala kiran fasinjan Safana, ta inda ake bi a je Zakka. Mani ya miƙe. Ta ciji zaren, ta karkaɗe rigar, ta miƙa masa. Ya shafa kafaɗar yana sa mata albarka, ya ajiye abin da ya sawwaƙa a bakin buhu, ya wuce da ɗingishinsa. Adawiyya ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Sannan ta jawo wani gidan sauro da ke jira tun safe, ta yi ta kama hudojinsa har aka kira la'asar.

Kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa take yi ba, maganar ce ta zauna mata a ciki ta ƙi tasowa. Ranar Asabar da safe Jafaru na zaure yana ɗaure tayar baron da yake dako da shi, sai ta faɗa masa da irin muryar da ake cewa gishiri ya ƙare.

"Jafaru, na ga rigar yayanka."

Ya saki tayar. Ya sa ta maimaita labarin sau biyu, yana katse ta da tambayoyi.

"Shekaranjiya? Mutumin na zaune nan, nan inda nike, kika bar shi ya tai? Haba Adawiyya!"

Da ya huce ya ce ba a makara ba. In rigar daga tulin matattu ta fito, kuma ɗinkinta na jiki, ai an samu abin da za a ajiye gaban malamai. Wataƙila alƙali ya saurara, ita ta shiga takaba, yayansa kuma a yi masa addu'a kamar kowane musulmi. Ya shiga ciki ya gaya wa uwarsa. Adawiyya ta saurari faɗa, ba ta ji ba. Tsohuwar ta ce kawai a miƙo mata buta.

Ranar Lahadi suka kama hanya bayan rana ta ɗaga sosai, don yanzu ba a sammako a hanyar nan, ba a kuma kai yamma. Gero ya yi tsawo dama da hagu. Inda ya fi duhu direban ya ƙara wuta, fasinjoji suka bar hira. A Safana suka sake mota. Kafin azahar suna Zakka, suna tambayar gidan Mani wanda ya dawo daga daji, aka nuna musu ba wahala.

Da Mani ya ji abin da ya kawo su sai ya dafe kai yana salati. Ya ce shi da ya sani ai da bai buɗe baki ba ranar. Ya ce kuma magana irin wannan ta fi ƙarfin zaurensa, ya kai su wurin limamin unguwarsu, wani dattijo mai sanyin magana da ke zaune a kan buzu. Maza suka shiga. Adawiyya ta rakuɓe a bakin ƙofa ta ja mayafi.

Liman ya saurari Jafaru har ƙarshe, sannan ya juya ga Mani.

"Ka ga mai rigar da idonka?"

"A'a, Malam. Cikin tuli na same ta."

"Ka ji an ambaci wani Daudu na Darini can?"

"Wallahi ban ji ba. Mu ma da muke ɗaure tare ba kowa muka san sunanshi ba."

Liman ya jinjina kai. Ya ce to saura ɗinkin. In tsohon ɗinki ne wanda ya tsufa tare da rigar, kuma matar nan ta ɗauki allura a gabansu ta yi irinsa, wannan alama ce mai ƙarfi. Zai haɗa da bayanin Mani ya rubuta musu takarda su kai gaba. Mani ya sake tuɓe rigar, Jafaru ya karɓa, ya juya ta, ya shimfiɗa kafaɗar a gaban buzu.

Zaren fari ne tas, ko datti bai gama kama shi ba. Liman ya duƙa ya daɗe yana dubawa.

"Wanga ɗinki ai sabo ne."

"Ita ta yi shi ran Alhamis, Malam," in ji Mani. "Gaban idona."

"Tsohon fa? Shina ƙarƙashi?"

Duk suka juyo bakin ƙofa. Sai a lokacin Adawiyya ta ga abin da ta yi. Kwana uku yana gabanta ba ta gan shi ba.

"Ba a maho kan maho, Malam," ta ji bakinta ya ce.

"Kika farke?" Jafaru ya miƙe tsaye. "Da hannunki kika farke?"

Ta kwance bakin mayafinta. Da safe ta tono tsohon ƙyallen daga kwando ta ƙulle shi, tana ganin shi ma wani abu ne. Ta tura shi ciki. Liman ya ɗaga shi wajen haske. Tsumma ne wanda bai kai tafin hannu ba, ya koɗe, gefensa duk ƙananan hudoji da suka buɗe suka haɗe da juna. Babu zare ko ɗaya a jikinsa.

"Mani, kai ka lura da yadda tsohon ɗinkin yake?"

"Malam, wa ka duban cikin riga?"

Dattijon ya ajiye ƙyallen a hankali.

"Ɗiyata, ban ƙaryata ki ba. Amma abin da ke gabana shina nuna ke kika ɗinka rigar Mani ran Alhamis, wannan kuwa babu mai musu. Riga irin wagga ta cika duniya. Masu ɗinki da hagu ma ba ke kaɗai Allah ya halitta ba, ko nan garin akwai wata tsohuwa bayan masallaci. Ba ni iya sa hannu in ce mutum ya mutu a kan wannan. In shina raye fa? Ki ƙara haƙuri. Allah shi bayyana."

Mani ya ce su tafi da rigar in suna so. Jafaru ya ce ta me. Suka yi sallama.

Suka kamo hanyar gida, suka sake mota a Safana. Da suka bar garin Jafaru ya soma, ƙasa-ƙasa don kada fasinjoji su ji: da ta ajiye rezar, da ta kira shi, da ko ihu ta yi maƙwabta su fito su gani. Duk ihu bayan hari ne, shi ma ya sani, don haka ya juya fuska waje.

Ita kuwa tana ƙoƙarin sake ganin tsohon ɗinkin. Ta rufe ido, sai farin zaren ranar Alhamis ya zo. Ta kore shi, ya dawo. Ta hagu ya kwanta, wannan ta tabbata. To tsohuwar bayan masallacin fa, ita ma ai ta hagu nata zai kwanta. Biyar ta ƙirga. Biyar ɗin ne a jiki, ko yatsanta ne ya saba tsayawa a biyar? Kafaɗar dama kuwa, wane manomi ne ba a nan rigarsa ke fara mutuwa ba? Daudu na da 'yar shara biyu, ruwan toka da shuɗiya, dukansu ta yi musu maho. Wacce ya sa ranar da ya fita? Tana tankaɗe a lokacin, ya yi mata sallama daga bakin ƙofa, ta amsa ba ta ɗago ba. Har suka shiga Batsari tana wannan juyi, kuma duk juyin da ta yi abin ƙara nisa yake.

Sun iso ana kiran la'asar. Tasalla na zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ta juyo fuska wajen zaure, da alama ta daɗe a haka. Jafaru ko zama bai yi ba.

"Inna, aikin banza muka yi. Ta farke ɗinkin da hannunta tun ran Alhamis, liman ya ce..."

"Na san za ta farke. Ni na koya mata. Tai ka yi salla, ba kai nika jira ba."

Ya fita. Tsohuwar ta miƙo hannu tana lalube a iska, Adawiyya ta durƙusa ta ba ta nata. Tsohuwar ta ture na daman, ta kamo na hagun ta riƙe.

"'Yar nan, liman bai san hannunki ba. Ni na san shi. Ban buƙatar riga, ban buƙatar takarda. Ke kika gani da idonki." Ta ƙara matse hannun. "Na gaji. In kin ce tashi ce, na yarda, gobe in sa a tara mutane a yi mashi addu'a, ke ki shiga takabarki, kowa ya ce abin da zai ce. In kin ce ba tashi ba ce, mu ci gaba da jira. Faɗa mani."

A nan ne wani abu ya motsa a ƙirjin Adawiyya, karo na farko cikin fiye da shekara. Tausayi ne, mai zafi, na tsohuwar nan da ta kafe wata goma sha bakwai, yau kuma ta sauko da kanta tana roƙon a gaya mata ɗanta ya mutu. Kalma ɗaya ce. Ta faɗe ta su huta su biyun, kuma babu mai tuhumarta har abada. Ranar Alhamis da an miƙo mata Alƙur'ani da ta dafa ba tare da ta yi tunani ba. Ta sake neman tsohon ɗinkin a cikin kanta, da gaske, da duk ƙarfinta. Farin zaren ne kawai.

"Inna," ta ce, "ban sani ba."

Tsohuwar ta daɗe riƙe da hannun, ta karkata kunne tana jira ko akwai saura. Babu saura.